Ki Jira a Zaure Har Yawu Ya Sauko

Zuwa ga ɗiyata Kulu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya tsare ki a tafiyar da za ki yi ranar Asabar, ya tsare motar da direbanta, ya kawar da idon mugu daga kanku tun daga tashar Gummi, ku wuce Anka lafiya, ku sauka Gusau lafiya. Karatun aikin magani da za ki fara, Allah ya sa alheri ne gare ki da duk wanda zai zo hannunki. Amin.

Baffanki Bawa ke rubutawa, ni ke faɗa. Na gaya mishi kada ya rage, kada ya ƙara, ko da maganar a kansa ta faɗo. Za ki ce don mi ban zaunar da ke na faɗa miki da baki ba, tunda gida ɗaya muke kwana. Kin san dalili. In na ja zance, harshena sai ya manne wa ganɗa, in tsaya in kurɓi ruwa, ke kuma ki dube ni da idon tausayin nan da kika gado wurin Innarki. Bawa ba ya tausayina. Shi ya sa na zaɓe shi.

Ga ƙarata, wadda na ɗauka shekara da shekaru ban sami mai karɓa ba: an ƙone mini yawu, ba a tambaye ni ba.

Abin da ya sa na tayar da ita yanzu, Asabar ce. Kin san a gidanmu ba a fita sai an tofa. Duk ɗan gidan da zai yi tafiya mai nisa, babban gida yakan tsayar da shi a bakin zaure, ya karanta abin da ya sani, ya tofa mishi a tafin hannun dama, ya shafa mishi a ka. Haka kakanki ya yi mini ranar da na fara bin kwalekwalen shinkafa, haka nashi uban ya yi mishi. Ba mu malamai ba ne, manoman fadama ne. Wannan kaɗai muka gada ban da gona. Yanzu ni ne babban gida, ke ce mai tafiya, kuma bakina kin san yadda yake. Ki riƙe wannan a ranki, zan dawo kanta. Kafin nan ki ji inda na yi ta tuntuɓe, don kada ki taka wurin.

Kina yarinya wani ƙullutu ya fito mini a wuya, nan ƙasan kunne. Na bar shi har aka yanke shinkafa, don ba a barin amfanin gona a tafi neman likita. Daga asibitin kusa aka tura ni gaba, daga gaba aka ƙara tura ni gaba, har muka dangana da wani babban asibiti mai nisa, ni da Bawa, don shi ne mai ɗan Turanci a gidanmu. Suka ce ciwon daji ne. Suka ce akwai injin da ke gasa shi da wani haske da ido ba ya gani. Aka yi mini wani abu kamar kwando daidai fuskata. Kullum a kwantar da ni, a kafe kaina da shi, kowa ya fice, a bar ni da inji yana kewaya ni. An ce fatar wuyana za ta yi baƙi, ta yi. An ce gemu zai zube ta gefe guda, ya zube. An ce maƙogwaro zai yi zafi, ya yi, ya warke. Ciwon ya tafi, alhamdu lillahi, ban taɓa musun wannan ba. Amma na dawo gida da baki kamar fatar da aka shanya a rana aka manta da ita, kuma ba wanda ya ambata mini haka.

Mai yawu bai san yana da shi ba. Sai ranar da lomar tuwo ta tsaya maka a baki tana jiran ruwa. Sai ranar da ka ɗauko gasasshen kifin da ka kama da hannunka, ka tauna, ya koma maka ƙaiƙayi. Sai ka tsaya salla, kafin ka kai ƙarshen Fatiha leɓɓanka sun haɗe. Ko zaren gyaran komar kifi da nake lasa in murza, sai da na koma tsoma yatsa a kwano.

Da na zo nan a faɗa, Bawa ya ajiye biro. Ya ce, "Yaya, an faɗa. Likitan nan mai tabarau ya faɗa, cikin abubuwa da yawa." Na ce, "To kai ka cinye ta a hanya?" Ya ce, "Da na isar maka da ita, da ranar ka ɗaure kayanka ka kamo motar gida. Da yanzu Kulu marainiya ce." Na ce, "Wataƙila. Amma da ni na ƙi, da bakina. Rubuta." Wagga gardama mun yi ta ba adadi, ni da shi, kuma ba ta ƙarewa, don ba da Bawa nake ba. Likitan bai taɓa duban idona ba. Bawa yake kallo yana magana, kamar wuyan Bawa za a gasa.

Nawa kuskuren a wurin shi ne ɗaga kai. Duk abin da aka faɗa, in ɗaga kai kamar na gane, don kada yara masu farar riga su ce ga baƙauye. Ni da nake tsayar da dillalin shinkafa rabin yini a kan mudu guda, na kasa cewa "dakata, mi ka ce?" a kan jikina. Don haka ki ji. In malaminki ya faɗi abin da ba ki gane ba, ki tambaya, ko ajin duka zai yi dariya. Dariya ba ta kwana a jikin mutum. Ranar da kuma kika zama ke ce a bayan tagar ba da magani, tsoho ya zo da mai yi mishi tafinta, ki dubi tsohon. In ya ɗaga kai da sauri, ki sani bai gane ba. In ke aka sa ki isar da maganar likita, ki isar da ita duka, da mai daɗi da marar daɗi. Ɗan aike ba ya tsince saƙo.

Da na dawo gida sai na ce ni zan yi wa kaina magani. Kowa a kasuwa likita ne. Wannan ya ce goro, na ci goro har ya zame mini gari a baki, in kasa haɗiyewa in kasa tofarwa. Wancan ya ce tsamiya. Wata tsohuwa ta ce lemun tsami da sukari. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne alewar minti, irin wadda ake sayarwa a tebur. In na jefa ɗaya a kunci, bakin yakan ɗan yi laushi. Sai na mayar da ita abokiyar zama, da ita nake wuni a gona, da ita nake kwana a baki. Ga shayi mai sukari safe da yamma. Ban san cewa yawu shi ke wanke haƙori ba. Na ɗauka asuwaki ke wannan aiki. Kafin in farga, haƙorana sun fara cinyewa daga gindi, ɗaya bayan ɗaya, kamar gara ta shiga dangar kara. Da na je a cire mini masu ciwon, mai duba haƙora ya ji an taɓa gasa mini wuya, sai ya ja baya. Ya ce muƙamuƙin da aka gasa ba ya warkewa da sauƙi in an cire haƙori, ba a yi mishi gaggawa. Na koma gida da ciwona.

Nasihata a nan gajeriya ce. Abin da ke sanyaya miki rai yau, ki duba ko yana cin ki ta ƙasa. Wannan ya shafi alewa, ya shafi ƙawaye, ya shafi duk wanda zai ce zai sauƙaƙa miki jarrabawa. Kuma in kin haɗu da mai busasshen baki irina, ki ce mishi ya riƙe ruwa kusa, ya nisanci zaƙi, ya kula da haƙoransa kafin su fara. Ni ba wanda ya ce mini. Ko an ce wa Bawa, ban sani ba. Ga shi yana girgiza kai, ya ce wannan kam ba a faɗa ba.

Sai maganin kansa. Da na koma a duba wuyana, na yi ƙorafi har suka gaji, sai aka rubuta mini wata ƙwaya ƙarama. Ke kika iya sunanta, filokafin ko mi, ni ƙwayar yawu nake ce mata. Aka ce sau uku a yini. Na sha ta farko ina jira bakina ya cika kamar rijiya a damina. Abin da ya zo shi ne zufa. Ba zufar noma ba, Kulu. Ina zaune a inuwa, ba aikin fari ba na baƙi, ruwa ya fara tsatsafo mini daga goshi har gadon baya. Hanci na zuba. Ido na hawaye. Fitsari kuwa, in na yi alwala ba na kai wa'adi da ita. Ruwa ta ko'ina, ban da inda na roƙa.

Ranar Juma'a na sa farar rigata na tafi masallaci. Kafin a gama huɗuba ta manne mini a jiki. Da aka sallame, Ɗan'ige mahauci, wanda bakinsa ba ya da linzami, ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Mande, kai kaɗai aka yi wa ruwa a sahun ga? Ka roƙa muna mu ma, gero na ƙonewa." Sahu duka ya kwashe da dariya. Na dawo gida na jefa kwalin a cikin tukunyar da Innarki ke ajiye tarkace. Ko mako ban cika ina sha ba.

Daga baya na ji cewa wannan magani yakan ɗauki makonni kafin mutum ya san amfaninsa sosai, kuma zufar sananniya ce, kusan kowa na yi. Ni manomin shinkafa ne. Ban taɓa dasa iri yau in zo da lauje jibi ba. Amma da aka zo kan jikina sai na nemi girbi ranar dashe, na kuma bar maganar mahauci ta yanke mini hukunci. Shekaru na yi asara a kan wasan Ɗan'ige, shi kuwa ya manta ya faɗa tun kafin ya kai rumfarsa. Ki kiyaye wannan. Makonnin farko a makaranta za ki ga wahala ta ko'ina, ban da inda kike jiran amfani. Kada ki tattara ki dawo mini. Kuma in kin miƙa wa mutum magani mai sa zufa, ki gaya mishi zai yi zufa, ki gaya mishi yaushe zai fara ganin alheri. Wanda aka gaya wa akwai rami a hanya ba ya zagin hanya in ya gan shi.

Abin da ya biyo baya ya fi muni, kuma Innarki ce kaɗai ta san shi sosai a gidan. Kin san Jabbi, bafulatanin da ke kawo shanunsa gonata bayan girbi, su ci abin da ya rage su bar mini taki. Abokina ne tun muna samari. Wata rana da bazara ya zauna a zaurena ya ce bakinsa na bushewa in ya wuni a bayan shanu. Ni kuwa ga kwali kusan cike a tukunya. A wurinmu, wanda yake da abu maƙwabcinsa na nema ya hana, sunansa marowaci har jikokinsa. Yadda ake ɓara goro a miƙa, haka na ɓallo mishi ƙwayoyin, na ƙulle a takarda. Har na ce, "Ni ba ta karɓe ni ba, wataƙila jinin Fulani take so."

Ban tuna Jabbi na da fuka ba. Ko na tuna, ban san akwai ruwan wannan da wancan ba. Shi kuma ya ga ƙwayar ƙarama ce, ya ce wannan ai ta yara ce, ya haɗa biyu ya watsa. Kafin la'asar ƙirjinsa ya rufe. A kan babur aka kawo shi asibiti, an ɗaure shi da rawani a bayan mai tuƙi don kada ya faɗi, yana shaƙar iska kamar kifin da aka jefo tudu. Allah ya yi da sauran kwanansa. Da na je gaishe shi, ma'aikacin jinya ya nuna mini takardar da na ƙulle ƙwayoyin ya ce, "Baba, kai ka ba shi?" Na ce ni ne. Ya ce wannan magani ba a ba mai fuka haka kawai, ba a ba mai wani irin ciwon ido, kuma mai ciwon zuciya sai an duba shi da kyau. Jabbi na kwance, ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Mande, ka ce maganin ƙishi ne. Ashe na raba mutum da ƙishi ne har abada." Ya yafe mini. Matarsa har yau in ta kawo nono gidanmu ba ta gaishe ni, kuma ban ga laifinta ba.

Za ki dawo hutu da ilimin magani a kanki, kuma gidan nan zai cika da dangi. Wannan ta ce ɗan ba ni irin wanda kika ba wance, wancan ya ce ragowar na wane ma ya isa. Za su ce boko ya sa miki rowa. Ki bari su ce. Magani ba goro ba ne. Wanda aka auna aka ba, shi ke sha. Gara a kira ki marowaciya a bakin rijiya da a ɗaure wani a bayan babur saboda kyautarki.

Yanzu na dawo kan zaure. Yayanki Sahabi, shekarar da ya ce zai bi samari haƙar zinariya wajen Bukkuyum, na hana, bai hanu ba. Da safiyar tafiyarsa na tsayar da shi a bakin zaure kamar yadda aka saba. Na karanta. Na tattara bakina in tofa, babu ko ɗigo. Na sake, babu. Yaron na tsaye da tafin hannu a buɗe, abokansa na jira a waje. Sai na hura mishi iska kawai, na shafa mishi busasshen hannu a ka. Ya dubi tafinsa, ya dube ni, ya tafi. Kin san yadda aka dawo da shi, kin san ƙafar da yake ja har yau tun da ramin ya rufta.

Na je wurin Liman. Ya ce, "Malam Mande, addu'a ba a yawu take ba. Hura iskar ma ta isa, kuma abin da Allah ya rubuta wa yaro ba tofinka ke gogewa ba." Na san gaskiya ya faɗa. Ban ce ƙarya ya yi ba, kada Bawa ya rubuta haka. Amma yana faɗa yana tauna goro, bakinsa jiƙe shar. Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Kuskurena a nan ba busasshen tofin ba ne. Kuskuren shi ne a ranar kwalin magani na kwance a tukunya, ni na jefa shi da hannuna don an yi mini dariya. Da na daure tun farko, wataƙila da na sami ko ɗan abin da zan jiƙa tafin ɗana. Ba zai hana rami ruftawa ba. Amma da bai dubi hannunsa haka ba.

Ki koyi wannan daga gare ni, tunda ni ban koya daga kowa ba: taurin kai ba a kan mai shi kaɗai yake faɗuwa ba. Kin gaje shi, na gani tun kina rarrafe. Ki yi amfani da shi wurin karatu da wurin tsare mutuncinki. Kada ki yi amfani da shi wurin ƙin abin da zai amfane ki don wani ya yi miki dariya.

Da shi kika ci ni, ai. Bana, da takardar makarantarki ta fito, kika zo kika durƙusa kika ce, "Baba, ni ba za a hura mini iska ba." Na ce ki tashi ki ba ni wuri. Kika ce, "To na fasa tafiyar." Innarki na bakin murhu ta ce, "Ga tuwo ya sami miyarsa." Haka kika ja ni asibiti kamar akuya ranar kasuwa. Wannan karon matar da ta duba ni da Hausa ta yi magana, kuma ni take kallo. Ta saurari ƙirjina, ta auna bugun zuciya, ta tambayi idona, ta tambayi duk abin da nake sha. Ta ce hasken injin ya kashe wasu daga cikin maɓuɓɓugan yawun, waɗannan sun tafi. Ƙwayar tana tayar da waɗanda suka rage ne kawai. Na ce, "Wato ba ta haƙa sabuwar rijiya, yasar tsohuwa take." Ta ce haka ne, kuma ba kowa take yi wa aiki ba, sai an gwada an jira. Ta ce in yawaita shan ruwa saboda zufa, in bar hawa keke da magariba in na ga ido na dishi-dishi. Masu kemis ɗin garin nan ba su da ita, sai da aka yi saƙo birni.

Na sha. Zufar ta dawo, na sayi tawul na rataya a wuya kamar direban babbar mota. Ɗan'ige ya sake gwada bakinsa, na ce mishi, "Naman jiya da ka sayar mini ne ke fita." Makonni suka wuce ban ga komai ba, na ci gaba da sha, don kina ƙirga ƙwayoyin. Sai ran nan muna cin tuwon shinkafa da miyar kuka, na kai loma, na haɗiye, na kai wata, sannan na lura kofin ruwan na gefe ban taɓa shi ba. Ban gaya wa kowa ba. Innarki ta gani, ta ɗauke kai, ta ƙara mini miya.

Kada ki ɗauka bakina ya koma na da. Bai koma ba. Yawun yakan sauko ɗan lokaci bayan na haɗiyi ƙwayar, ya zauna 'yan sa'o'i, ya janye kamar ruwan fadama da rani. Wata rana ya zo sosai, wata rana sai dai laima. Bawa ya ce wannan ai yawun kanti ne, ko ya halatta a yi tofi da shi? Na ce daga bakina yake fitowa, ba daga kwali ba. Takin zamani ma saye ake, amma ba wanda ya ce shinkafar ta mai shago ce.

Kin damu da wanda zai tsaya a kaina in kin tafi. Na ba Innarki kwalin. Ta fi ki tsanani, ke dai ba ki sani ba. Ranar komawa asibiti kuma Sahabi ya ce zai kai ni, shi ya nema da kansa.

To ga yadda za a yi ranar Asabar. In na dawo sallar asuba zan sha koko, in haɗiyi ƙwayata. Ɗaya. Zuciyata ta raya mini in haɗa biyu don a tabbata, sai na tuna Jabbi a bayan babur. Ke ki shirya kayanki tun jajibere, ki yi sallama da Innarki a cikin gida, ki fito ki tsaya a bakin zaure. Direba zai aiko, zai ce rana na yi, hanya ba ta son a makara. Ki bar shi ya aiko. Ki tsaya har in ji ya sauko ƙarƙashin harshena. In motar ta tafi, akwai ta Lahadi. In kuma an wayi gari irin ranakun da ba ya zuwa, muka jira har hantsi ya ɗaga babu, to zan hura miki iska yadda Liman ya ce, in sake ki. Ba zan riƙe ki a gida saboda bakina ba. Amma ki fara jira. Ki buɗe tafin hannunki, kuma kome ya sauka a kai, ni za ki duba, kada ki dubi hannun.

Sauran nasiha Innarki ta fi ni iyawa. Ki tsare salla. Ki san da wa kike cin abinci. Kada ki yi tafiyar yamma a wagga hanya ko an ce ni ne ba lafiya. Allah ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya dawo muna da ke lafiya. Allah ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga bayinsa, ya tsare ki daga ba wani abin da zai cutar da shi. Allah ya yi miki albarka.

Wassalam. Babanki.

Bawa, kada ka rufe biro tukuna.

Kulu, inda za ki akwai manyan masu farar riga, waɗanda suka koyar da irin mai tabarau. Ba na neman a mayar mini da abin da ya ƙone, na san ya tafi. Ba na neman a ba ni haƙuri, an ba ni har ya ishe ni. Ki samo mini mutum ɗaya a cikinsu, ɗaya tak, ki karanta mishi wagga takarda, sannan ki kira ni ki ba shi waya. Ya gaya mini, ni, ba Bawa ba, don mi aka yanke abin da zan iya rasawa ba a dubi idona an tambaye ni ba. Da Hausa. Kunnuwana lafiya lau suke, su ba a gasa su ba. Ina jira.